Marsandi 450SL da Fijo 504 mai buɗaɗɗen rufi: wacce ta fi cancantar tayi tun da duk biyun suna jiran gyara?

Assalamu alaikum. Malam, ka yi tambaya a kan tsofaffin motoci biyu masu buɗaɗɗen rufi da ka je ka gani a cikin garin Bauchi, kana son sanin wacce ta fi daraja da kuma yadda za ka yi tayi ba tare da ka cutu ko ka cuci masu su ba. Ta farko Mercedes-Benz 450SL ce mai fitilu huɗu masu zagaye da dogayen bamba, wadda ta daɗe a ajiye ƙarƙashin bishiyar darbejiya, rufinta na ƙarfe yana jingine a sito, na tamfol da ke kanta kuma ya yage. Ta biyu Peugeot 504 Cabriolet ce da magada suke son sayarwa, tana cikin gareji, fitilunta da gilasanta cikakku ne, sai dai an ɗora mata injin Fijo irin ta gida mai kabireta.

Kuɗin motar da ke jiran gyara ba ya fitowa daga kyan hotonta ko girman sunan kamfanin da ya ƙera ta. Ana fara duba abin da irinta take yi a kasuwa idan ta kammalu, a cire duk abin da gyaran zai ci, sannan a sake cire wani kaso saboda ɓarnar da ba ta bayyana sai an kwance mota, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Farashin da za ka dogara da shi kuwa shi ne wanda aka sallama a wuraren gwanjo na Turai da Amurka, domin abin da mai kaya ya rubuta yana nema buri ne kawai. Kamfanin inshora na Hagerty da ke Amurka yana kasa irin waɗannan motoci mataki huɗu, daga na 1, wanda ya dace da baje koli, zuwa na 4, wanda yake tafiya amma da lahani a bayyane. Motocinka biyu ba su kai ko mataki na 4 ba tun da babu wadda take tashi, saboda haka duk dillalin da ya nuna maka farashin mota mai sheƙi a waya yana cewa irinta ce, ya nuna maka abin da ba shi ne a gabanka ba.

Ta fuskar ƙaranci, Fijo ce a gaba da nisa. Marsandi ta ƙera wannan samfuri na SL, wanda ake kira R107, daga 1971 zuwa 1989, kuma ta fitar da guda 237,287, mafi yawansu aka kai Amurka. Fitilu huɗu masu zagaye da dogayen bamba da ka ambata suna nuna cewa wadda ka gani tana cikin na Amurkan, daga 1974 zuwa 1980, kuma masu tara motoci sun fi son samfurin Turai mai siraran bamba, wanda injinsa ya fi ƙarfi saboda dokokin hayaƙi na Amurka ba su shaƙe shi ba. Ita kuwa 504 mai buɗaɗɗen rufi an fara nuna ta a Geneva a 1969, aka daina yin ta a 1983, kuma duka abin da aka ƙera bai wuce dubu 8 da 'yan kai ba. Idan fitilun gabanta huɗu ne a rarrabe, na baya kuma uku-uku a karkace, to, tana cikin rukunin farko da aka yi kafin ƙarshen 1974, wanda shi ne aka fi nema.

A nan ne sabon da muka yi da Fijo yake yaudarar mutane. Tun da kamfanin PAN, wato reshen Fijo na Najeriya, ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, babu bakaniken da ya kwana biyu a sana'a a Bauchi ko Gombe da bai san cikinta ba, sai mutum ya ɗauka cewa gyaran wannan ma aikin mako biyu ne. Gaskiyar ita ce ba a taɓa harhaɗa mai buɗaɗɗen rufin a Kaduna ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma ya ƙera bodinta, tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta gaza ta Fijon gida da santimita 19, kuma ƙofofinta da bonet da fitilu da gilashin gaba duk nata ne ita kaɗai. Abin da take tarayya da 'yar uwarta a kansa yana ƙasa ne, wato inji da giya da yawancin kayan ƙafa. Ma'ana, abin da ake samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano zai tayar da ita ta yi tafiya, amma fitilar baya guda ɗaya idan ta fashe, sai an yi cigiya a Faransa, a jira, a biya da kuɗin waje. Saboda haka darajar wannan Fijo tana cikin cikar kayan jikinta, kuma ya kamata ka tsaya da takarda ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya: fitilu, gilasai, hannuwan ƙofa, ƙarafan ado na gefe, agogunan dashbod, da ƙashin rufin da ake naɗewa, wanda ya fi tamfol ɗin kansa wahalar samu.

Marsandi akasin haka take. Da wuya ka nemi wani abu nata ka rasa, domin yawan da aka ƙera ya sa har yau akwai masu sayar da kayanta sababbi da na hannu a Jamus da Ingila da Amurka, sai dai kowane ɗaya da tsadarsa, kuma tsadar tana bin dala. Rufin ƙarfen da ke sito ƙari ne na gaske a kan darajarta, kada a bari a manta da shi wajen ciniki.

Abin da ya fi damuna game da ita shi ne wurin da aka ajiye ta. Bushewar ƙasarmu tana kare ƙarfe fiye da iskar Legas ko Fatakwal, abin da rana da hunturu suke ci shi ne roba da kujeru da dashbod, amma wannan kariya ba ta aiki a kan motar da damina ta yi ta sauka a kanta da yagaggen rufi. R107 tana da wani sanannen rauni a bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin zama, daidai ƙasan gilashin gaba inda fankar iska take zaune. Akwai ƙananan magudanan ruwa a wurin, kuma ganyen darbejiya da ƙura suna toshe su, sai ruwa ya kwanta ya ci ƙarfen daga ciki ba tare da fenti ya nuna komai ba. Ka sa a kwance murfin fankar a haska da tocila, sannan ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar direba da na mai zaman banza ka danna ƙarfen da sukudireba. Idan ya lotsa ko ya yi ɓarɓashi, gyaran yana buƙatar a fitar da dashbod gaba ɗaya a yi walda mai tsabta, kuma wannan aiki kaɗai yana iya cinye ribar da ake hange. Fijon ma ba ta tsira daga tsatsa ba, bodin Pininfarina na wancan zamani ya yi suna wajen ruɓewa a dokin ƙofa da ƙasan but da wajen tayoyin baya, kuma mota marar rufin ƙarfe ƙarfinta duk yana ƙasanta ne. Ka buɗe ƙofofinta ka rufe, idan suna gogar jiki ko tazararsu ta sama ta bambanta da ta ƙasa, gindinta ya fara saki. Ka kuma bi jikin kowacce da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa, fila ce mai gyaran bodi ya cusa.

Batun inji kuwa kowacce da nata ciwon. Na Marsandi mai silinda 8 ne, lita 4.5, yana da juriya ƙwarai, amma robobin da ke riƙe sarƙar da ke cikinsa suna bushewa su karye idan sun tsufa, kuma sarƙar tana tsallakewa ta lalata kan injin. Kada ka yarda a kawo batir a ce bari a gwada maka, a fara juya shi da sifana a hankali a ga ko bai kafe ba. Na'urar Bosch da ke raba masa fetur ma tana daskarewa idan tsohon mai ya kwana a ciki shekaru, kuma masu iya gyara ta kaɗan ne a yankinmu. Fijon da aka sauya wa inji ta yi asarar wani kaso na darajarta, domin asalinta, idan mai silinda 4 ce, tana da na'urar fesa mai ta Kugelfischer, wadda kanikawa da yawa suke cirewa su sa kabireta idan ta gagare su. Ka tambayi magadan ko tsohon injin yana nan a wani lungu na gidan, domin ko a mace yake, samunsa yana ɗaga kuɗin motar, tun da masu saye na waje suna son lambar inji ta dace da shekarar mota.

Takardu ba su da tsawon bayani amma suna iya rushe cinikin. Lambar shasin 450SL tana farawa da 107044, ka tabbatar ta yi daidai da abin da ke takarda, haka ma farantin Fijon. Motar gado kuma ba a sayen ta daga hannun mutum ɗaya, sai da yardar dukkan magada a rubuce da shaidu, kuma ya fi dacewa a gaya musu gaskiyar cewa motarsu ba irin Fijon tasha ba ce, domin akwai haƙƙin marayu a ciki.

Bisa abin da ka bayyana, ni Fijon zan fi ba ƙarfi, muddin ƙasanta ya tsaya da kyau, saboda abin da ke da wahalar samu a jikinta yana nan, abin da ya ɓace kuma ana iya tafiya ba shi har a samo. Marsandin za ta iya fin ta sauƙin sayarwa a Abuja ko Legas idan ta kammalu, tun da sunanta ya fi jan masu kuɗi, amma kada ka furta mata farashi sai an buɗe murfin fankar nan ka gani da idonka. Idan ƙarfen wurin lafiya yake kuma injin ya juya, ta cancanci tayi na motar gyara. Idan ya ruɓe, ka yi mata kuɗin kayan da za a iya cirewa a sayar, wato rufin ƙarfe da inji da giya da gilasai. A duk biyun, ka sa bakanike da mai gyaran bodi da mai wayarin kowa ya rubuta maka kiyasinsa daban kafin ka koma wurin masu motar, kuma ka haɗa da kuɗin ɗauko ta a kan babbar mota, domin tayoyi da birkin da suka shekara haka a tsaye ba za su kai ta ko gareji mafi kusa ba.