Gyaran ƙashin baya da hannu a Bauchi: ƙuguna ya ji daɗi, amma zancen garkuwar jiki ban yarda ba

Ni tela ne a Wunti, kuma duk mai zaman keke ya san ƙugu ne ke biyan bashin ɗinkin sallah. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce ciwon ya kai ga sai a zaune nake salla. Wani mai kawo mini ɗinki ne ya yi mini kwatancen wani wuri a nan cikin gari inda ake kairofraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, ba allura ba ƙwaya.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayoyi. Kafin mai gyaran ya taɓa ni sai da ya tambaya ko ƙafata na sagewa, ko fitsari na ƙwace mini, ko ina zazzaɓi da gumin dare, ko ina ramewa. Na ce, "Likita, me ya haɗa ciwon ƙugu da gumin dare?" Ya ce, "Malam, tarin fuka na kama ƙashin baya. In shi ne, asibiti zan tura ka, ba zan danna ka ba." Wannan amsa ta sa na sake da shi.

Ya kwantar da ni a gefe kan wani siririn gado, ya lanƙwasa gwiwata ta sama, ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ya ce in saki numfashi. Kafin in ankara ya tura ƙugun da sauri, sai na ji ƙas! Ba zafi, sai dai firgita. Ƙarar nan ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Iska ce da ke cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji in mutum ya ja yatsunsa. Da na sauko na ji bayan ya saki. Ya koya mini motsa jiki na safe, ya ce in ɗaga kujerar keke, in kuma riƙa miƙewa ina ɗan takawa tsakanin ɗinki da ɗinki. Cikin 'yan makonni na koma salla a tsaye, alhamdu lillahi. A ganina motsa jikin da gyaran kujerar sun yi aiki kamar yadda hannunsa ya yi, ko ma fiye.

Inda muka raba hanya shi ne hoton da ke manne a bangon ɗakin: ƙashin baya da layuka suna fita zuwa hanta, huhu da ƙoda, an rubuta cewa gyaran yana ƙarfafa garkuwar jiki. Da na samu sauƙi sai aka ba ni shawarar in biya kuɗin watanni a dunƙule, har in kawo yara don kada mura da zazzaɓi su riƙa kama su. Nan jikina ya yi sanyi, domin maganar ta tashi daga ƙuguna ta koma kan 'ya'yana.

Wannan da'awa tsohuwa ce. Wanda ya kafa sana'ar, D. D. Palmer, ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, yana cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, don tana danne jijiyoyi. Akwai gaskiya a gindin zancen, shi ya sa yake shiga kunne. Laka na ratsa cikin ƙashin baya, kuma jijiyoyi tagwaye 31 ne ke fita daga cikinta zuwa sassan jiki. Haka nan ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna da alaƙa: doguwar damuwa da rashin barci na raunana garkuwa. Amma fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta a ɓargo ake yin su, suna taruwa a saifa da kaluluwa, kuma ba a tabbatar cewa danna ƙugu na ƙara musu yawa ko ƙarfin da zai kare mutum daga cuta ba. A watan Maris na 2020, lokacin korona, ita kanta ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya ta fito ta ce babu ingantacciyar hujjar kimiyya cewa gyaran ƙashin baya na ƙara garkuwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙa'idarta ta Disamba 2023 shi ne ana iya amfani da shi wajen daɗaɗɗen ciwon ƙugu, cikin sauran hanyoyi irin su motsa jiki da tausa. Nan amfaninsa ya tsaya, kuma nan ne ni ma na ga amfanin.

Murɗa wuya kuwa ban bari an yi mini ba. Ba kasafai ba ne, amma an samu waɗanda jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ta tsage bayan irin wannan murɗiya, har ta kai su ga shanyewar ɓarin jiki. Wuyana ba ya ciwo, don me zan miƙa shi?

Wurin na da tsafta, ba a ɓata lokaci, sai dai kuɗin ba na talaka ba ne, kuma ba kowane zuwa ne ya zama dole ba. Mai ciwon ƙugu irin na zama, tela ko direba ko ma'aikacin ofis, zai iya gwadawa bayan likita ya duba shi. Tsofaffi masu raunin ƙashi da wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, asibitin koyarwa ne wurinsu. Na faɗa wa mai wurin cewa yarana rigakafinsu da gidan sauronsu za su ci gaba, kuma na roƙe shi ya sauke hoton nan, don akwai iyayen da za su karanta su ɗauka ya wadatar. Ya saurare ni da mutunci, amma ranar da na je na ƙarshe hoton na nan a bango.