Sharhi kan sansanin horon hokin ƙanƙara na wani tsohon koci

Tarihin kocin ne ya sa na biya kuɗin wannan sansanin horo na lokacin hutu, duk da tsadar da kowane mahaifi a lardin Ontariyo na Kanada ya sani. Tallar masu sansanin ta ce ya buga OHL, gasar hoki ta matasa ta Ontariyo, ya yi wasa a Turai, sannan ya koma horar da yara tun kafin a haifi mataimakansa. Bai taɓa buga NHL, babbar gasar hoki ta ƙwararru a Kanada da Amurka, ba, amma hakan bai dame ni ba, domin Scotty Bowman ma bai buga ta ba, ga shi kuwa ya ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, sau 9 a matsayin babban koci, da ƙungiyoyin Montreal da Pittsburgh da Detroit, na ƙarshe a 2002.

Ɗana yana rukunin 'yan ƙasa da shekara 11, kuma tsayawa ta daɗe tana gagararsa, domin da zarar ya karkata ƙafafunsa zai ci birki, sai takalman su yi ta karkarwa a kan ƙanƙara har ya kife. An sha gaya mana cewa tsoro ne kawai. Dattijon nan ya kalle shi, ya kira shi bakin katanga, ya ɗaga ƙafarsa, ya shafa ƙarfen zamiya da ke ƙasan takalmin da babban yatsa, sannan ya ce masa, "Yaro, ba laifinka ba ne." Ashe kwarmin da ake fafewa a ƙasan ƙarfen ya yi zurfi, kaifin yana cizon ƙanƙara fiye da kima, ba ya barin mai koyo ya zame. Ya sa aka sake gyara shi a ma'aunin rabin inci, wanda shi ne aka fi amfani da shi, kuma kafin a tashi yaron yana tsayawa cak yana watsa ƙanƙara. Irin wannan ido sai wanda ya tsufa a cikin sana'a.

Sai dai da na tuna yadda sauran lokacin ya kasance, raina yakan ɓaci. An yi mana alkawarin shi zai jagoranci kowane zama, amma da safe kaɗai muke ganinsa, da rana kuwa sai a bar yara a hannun samari waɗanda hankalinsu ke kan waya. A gabansu yara suka riƙa bangazar juna da katanga, alhali Hockey Canada, hukumar hoki ta ƙasar, ta hana bangaza a rukunin 'yan ƙasa da shekara 13 tun 2013. Na kai kuka ofishinsu, aka ce za a kira ni, har yau shiru.

Sunansa suka sayar mana, suka ba mu rabinsa. Idan yana ba da darasi shi kaɗai, zan biya ba tare da ciniki ba, amma sansanin kam ba zan sake kai ɗana ba.