Binciken babban hutu a sashen gaggawa: na yaba da aikin, ban yaba da tsarin biyan ba

Tun da aka sake liƙa sanarwar, ƙannena na aji huɗu da na biyar suke tare ni da tambaya guda: shirin nan na bincike a sashen gaggawa, wanda ake ba ɗalibin likita ɗan kuɗi a babban hutu, ya kai mutum ya fasa zuwa gida dominsa? Ni dai na fasa zuwa Tahoua bara saboda shi, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma a ji sauran zancen kafin a kai dosiye, wato takardun nema.

Wata ƙungiya ce ta likitocinmu mazauna waje take ɗaukar nauyinsa, wasu malamai na nan Yamai suna kula da ɗalibai. Wata biyu ne, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin gari. Abin da suke nema ba shi da yawa: wasiƙa shafi guda, sakamakon jarrabawa, da takardar malamin da ya san ka. Ko dala ba a biya wajen nema. Duk shirin da ya ce sai an tura kuɗin rajista kafin a duba takardunka, ka rufe shafin ka kama gabanka.

Aikin da aka ba ni shi ne auna tsawon lokacin da majiyyaci yake yi daga isowarsa har ma'aikacin lafiya ya sa masa hannu. Mun ɗauki ma'aunin tantancewa na Afirka ta Kudu, mai launuka: ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa guda, kore cikin awa huɗu. A takarda abin kamar wasa. Ranar farko malamin da ke kula da ni ya tambaye ni, "To, yaushe ne majiyyaci ya iso? Sa'ad da babur ya tsaya a bakin ƙofa, ko sa'ad da aka rubuta sunansa a rajista?" Ya ce kada in tara ko layi ɗaya sai na yanke wannan na rubuta shi. Tsakanin lokutan nan biyu kuwa akwai tafiya mai nisa: ɗan'uwa ya tafi neman canji, wani ya tafi sayen safar hannu da ruwan ƙari, mara lafiya yana kwance a kan benci. In ka fara ƙirga daga rajista, duk wannan jiran ya ɓace, asibiti ya fito fes a lissafinka alhali mutane sun sha zama. Abin da na koya a wannan tambayar ya fi abin da na kwasa a darasin lissafin kiwon lafiya na shekara guda, ba don darasin ba shi da kyau ba, sai don a aji ba a ganin bencin.

Malamin nan shi ne rabin darajar shirin. Kowace Asabar yana zama da mu, ya buɗe abin da muka tara layi-layi. Mun yi aiki da KoboCollect a waya, wanda yake karɓar bayanai ko babu intanet, sai an samu hanya a tura. Ya nuna mana yadda ake cire sunan majiyyaci a sa masa lamba, da dalilin da ya sa ba a cike gurbin da aka bari da ƙiyasi. Wata abokiyata da ta yi nata aikin kan raunin kai na masu babur ta sha faɗa a kan makin Glasgow, ma'aunin hayyacin majiyyaci: daga 3 yake zuwa 15, wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka rauninsa mai tsanani ne, amma sau da yawa abin da ke cikin dosiyen majiyyaci shi ne "ba ya cikin hayyacinsa", babu lamba. Dole ta koma tana aunawa da kanta a lokacin gardi, wato aikin kwana a asibiti.

Lokacin ma ya dace. Hutunmu yana faɗawa ne cikin damina, daga Agusta kuma zazzaɓin cizon sauro yake cika sashen: masu jijjiga, masu ƙarancin jini, waɗanda sukarin jininsu ya faɗi. Ga haɗarin babura a hanyoyin da ruwa ya ci. Wanda ke son ganin yadda cunkoso yake tsawaita jira ba zai samu watannin da suka fi waɗannan ba. Majo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, Allah ya saka mata, ita ta riƙa ce mini, "Ɗiyata, aje wayar nan ki riƙe mini hannunsa tukuna." Haka ne kuwa, mai tara bayanai a sashen gaggawa ba ya zama ɗan kallo.

Sai inda aka gaza. Masu shirin ba su kai takardun neman izini ga kwamitin ɗa'ar bincike da wuri ba, don haka makonnin farko muka yi su muna gwajin fom ba tare da ikon tara komai ba. Takardar neman yardar majiyyaci kuma da Faransanci kawai aka kawo ta. Yawancin masu rakiya Hausa ko Zabarmanci suke ji, kuma wanda ya kawo ɗan'uwansa jina-jina ba shi da hankalin sauraron shafi biyu. Mu muka zauna muka tsara yadda za a faɗe ta da baki a taƙaice, aikin da ya kamata a ce an gama shi tun kafin mu zo.

Kuɗin kuwa, an raba shi kashi biyu. Na farko ya zo bayan mun yi nisa da aiki, na biyu sai da aka miƙa rahoto. Adadin ya isa kuɗin taksi, abincin rana da katin waya, har a rage kaɗan na littafi. Sai dai wanda ke zaune a Harobanda, yana ƙetare gadar Kennedy safe da dare, daga aljihunsa zai fara ci. Ni yayata ce ta ranta mini. Wanda ba shi da mai ranta masa ya tambayi ranar biya a rubuce kafin ya sa hannu, kunya ba ta cikin wannan.

Wasu suna cewa gara su nemi irinsa a waje. A Amurka abin ya zama al'ada: ɗalibi yana yin bincike na mako takwas zuwa goma a hutun da ke tsakanin shekararsa ta farko da ta biyu, ƙungiyoyin likitocin gaggawa irin su SAEM suna ba da tallafi. Amma da yawa an yi su ne domin ɗaliban makarantun can, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, take biya kuma, mai suna T35, sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. A karanta sharaɗin cancanta kafin a ɓata dare ana rubuta wasiƙa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne tarayyar likitocin gaggawa ta Afirka, AFEM, da aka kafa a 2009. Mujallarta ana karanta ta kyauta, tana kuma da tsarin haɗa sabon marubuci da gwani ya taya shi gyaran rubutu.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake so kowa ya yi tun ranar farko: in aka buga sakamakon, sunan wa zai fito, kuma zan iya sa bayanan cikin tezi ɗina, wato kundin kammala karatu? Malamina ya amsa mini duka biyu ba tare da kwana-kwana ba, bayanan kuma su ne ƙashin bayan tezin da nake rubutawa yanzu. Wani abokinmu da aka haɗa da malami mai yawan tafiye-tafiye ya gama wata biyun yana cike fom, har yau ba a ce masa komai game da rubutun ba. Shirin ba ya barin ɗalibi ya zaɓi malami a hukumance, amma ana iya rubuta wanda ake so a cikin wasiƙa, kuma ana dubawa. Ku nemi waɗanda suka yi bara ku tambaye su wane malami ne yake zuwa zaman Asabar.