Jakuzin tsakar gida ko bahon banɗaki mai fesa ruwa: wanne ya dace da Hajiya?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tambayarka kamar yadda na fahimce ta: kana gab da kammala gini a Kaduna, mahaifiyarka na fama da ciwon gwiwa da na baya, ruwan ɗumi yana yi mata daɗi musamman da hunturu, kuma ka ga kaya iri uku duk ana kiransu jakuzi. Akwai na roba da ake hurawa, irin Lay-Z-Spa da Intex. Akwai babba mai kujeru a ciki da ake girkewa a tsakar gida. Akwai kuma bahon da ake kafawa a banɗaki mai injin fesa ruwa. Kana son sanin wanda za ka saya.

Na riƙe na hurawa a gidana, yanzu kuma na banɗaki nake da shi. Babban kuwa a gidan wani yayana na ga wahalarsa da daɗinsa. Ra'ayina tun daga farko: don Hajiya, na banɗaki za ka kafa. Ga dalilina.

Masu sayarwa kan raba su da kuɗi, wannan mai araha, wancan mai tsada. Rabon da ya fi muhimmanci shi ne na ruwa. Na hurawa da babban tsakar gida duka suna ajiye ruwa ɗaya makonni ko watanni, ana tace shi, ana zuba masa magani, ana riƙe zafinsa dare da rana. Na banɗaki kuwa baho ne: ka cika, a shiga, a fito, ka zubar. Duk sauran bambancin daga nan ya taso, domin ruwan da za a ajiye da ɗumi yana buƙatar wutar da ba ta yankewa da mutumin da ba ya mantuwa, kuma ka san yadda abu na farko yake a wajenmu.

Mu fara da wuta, don a nan ne lissafin mutane ke rushewa. Ɗaga zafin lita 1,000 na ruwa da digiri ɗaya yana cin yunit ɗaya da ɗoriya a mita, 1.16 idan ana son ƙididdiga. Na hurawa mai ɗaukar mutum huɗu yana shan kusan lita 800. A ce ruwan tankinka da hunturu yana digiri 22, kana son kai shi 38: yunit 15 ke nan tun kafin kowa ya tsoma ƙafa. Hitarsa ba ta wuce kilowat 2 da kaɗan ba, shi ya sa zafin ke hawa digiri ɗaya zuwa biyu a awa. Ka kunna da safe, sai bayan isha'i ya yi yadda kake so, wato idan ba a ɗauke wuta a tsakani ba. Babban yana shan lita 1,200 zuwa 1,800. Mai lita 1,500 zai ci kusan yunit 28 a ɗumamawar farko da hitarsa mai kilowat 3. Na banɗaki lita 200 zuwa 300 ne, kuma ruwan zafinsa daga hitar gida yake zuwa, yunit huɗu ko biyar a kowane wanka. Tun da aka ƙara kuɗin wutar Band A, wato rukunin unguwannin da suka fi samun wuta, a Afrilun 2024 zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko ya tsaya sama da 200, kowa zai iya buga nasa lissafin.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa wa babban: yana da soson riƙe zafi mai kauri a jikinsa da murfi mai nauyi, don haka idan ya ɗau zafi yana riƙewa. Gidan da mutum huɗu ko biyar za su riƙa shiga kullum, kuma suna samun wuta awa 20 a rana ko suna da sola mai ƙarfi, zai iya fi musu sauƙi a kan cika baho sau biyar. Na hurawa ba shi da wannan. Bangonsa iska ce da roba, zafi na gudu ta gefe da ta ƙasa. Abin da ya fi ba ni haushi da nawa shi ne kumfarsa: iskar waje yake hurawa cikin ruwan, to a daren sanyi minti 20 na kumfa ya isa ka ji ruwan ya huce a jikinka. Yawancinsu ma kumfa ce kawai, ba ruwa mai ƙarfi da zai danna baya ko gwiwa ba.

Janareta kuwa, ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗaga ko na hurawa ba. Sai mai kVA 3.5 zuwa sama, kuma ka tuna awa nawa zai yi yana shan fetur don dafa ruwa.

Yanzu ruwan kansa. Lita 800 jarka 32 ce ta 'yan garuwa mai lita 25. Babban ya fi ƙarfin tankin roba mai lita 1,000, sai ka cika ka sake turowa. Amma a nan adalci ya sa in ce masu ajiye ruwa sun fi tattali: babban sai bayan wata uku zuwa huɗu ake sauya ruwansa, na hurawa bayan wata ɗaya ko biyu. Na banɗaki idan Hajiya za ta shiga sau huɗu a mako, lita 800 zuwa 1,200 ta tafi duk mako. Idan kana da burtsatse ba damuwa, kuma ruwan da aka zubar ana iya kai shi shuke-shuke muddin ba a cika masa sabulu ba. Idan ruwan saye kuke sha, wannan babban abin dubawa ne. Ka kuma leƙa cikin butar da ake dafa shayi a unguwar. Idan ka ga farin ɓawo ya kama gindinta, haka zai kama hita da bututun duk wanda ka saya, sai ka tanadi maganin hana shi.

Abin da na fi son ka tsaya a kansa shi ne magani. Ruwan ɗumi da mutane ke shiga suna fita, aljannar ƙwayoyin cuta ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kulorin a irin wannan ruwa kada ya gaza 3 ppm, wato kashi 3 cikin miliyan, ko buromin, wani maganin kashe ƙwayoyi irinsa, 4 ppm, awon pH kuma, wato awon tsamin ruwa, a riƙe shi wajen 7.2 zuwa 7.8. Ana auna su da 'yar takarda da ake tsomawa ta sauya launi, kuma a ruwan zafi kulorin yana ƙarewa da sauri, don haka kusan kullum ne aikin. Matatar ruwan a wanke ta duk mako, da hazon hunturu ma sau biyu. Na taɓa yin tafiyar kwana biyar, aka ɗauke wuta mafi yawan kwanakin, injin tacewa ya tsaya. Da na ɗaga murfi, ruwan ya koma kamar tsarin shinkafa, na shafa bango na ji yauƙi a yatsana, ga wani wari kamar na tsohon tsumma. Dole na zubar da lita 800, na wanke, na sake farawa daga sifili. Ba sakaci kaɗai ke jawo haka ba. Wutarmu ce ba ta dace da na'urar da aka ƙera don ta yi aiki ba tsayawa ba.

Kuma abin ya wuce ƙazanta. Ƙwayar Pseudomonas tana sa ƙuraje masu ƙaiƙayi a inda kayan wanka suka manne wa fata. Wadda ta fi haɗari ita ce Legionella, tana yaɗuwa a ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 45, kuma ba sai an sha ba, ta tururi da feshin kumfa take shiga huhu ta sa ciwon nimoniya mai tsanani. A 1999, a wani baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, wani jakuzi da aka kunna don talla ba tare da magani ba ya sa mutane sama da 100 suka kwanta, sama da 20 suka rasu, alhali wucewa kawai suka yi ta gefensa. Tsofaffi da masu ciwon suga da masu shan taba su ta fi kamawa. Da wannan a raina, ba zan so a sa dattijuwa a ruwan da lafiyarsa ta dogara da ko yaron gida ya tuna ya zuba kulorin jiya ba.

Na banɗaki ma ba tsarkakakke ba ne, kada in yaudare ka. Ruwa yana maƙalewa a bututunsa bayan an zubar, sabulu da dattin jiki su taru, wata rana ka kunna ka ga baƙin ɓarɓashi yana fitowa ta ramukan feshi. Maganinsa sau ɗaya a wata: cika shi da ruwan zafi har ya rufe ramukan, zuba maganin wanke bututu da masu sayarwa ke bayarwa, kunna minti 15, zubar, sake cikawa da ruwan sanyi ka ɗauraye. Aikin rabin awa ne a wata, ba na kullum ba. Kada kuma a taɓa kunna injin ruwa bai rufe ramukan ba, ƙonewa zai yi.

Wani ƙaramin abu da ya shafe mu: da hunturu kowa ya sha basilin da man kaɗanya. Duk wanda ya shiga ruwan da ake ajiyewa da mai a jikinsa, zai bar kitse a saman ruwa ya toshe matatar ruwan. Sai an yi wanka kafin a shiga. A baho wannan bai dame ka sosai ba, tunda ruwan tafiya zai yi.

Wajen kafawa, na hurawa ya fi kowa sauƙi: daɓe sumul, tabarma a ƙasa, soket mai kyau, ba jona waya a kan waya ba. Amma ranar Maris da Afrilu tana cinye roba, sai an yi masa rumfa, kuma ƙaya ɗaya ko farcen kyanwa ya isa. Babban yana son kankare mai kaurin santimita 10 aƙalla, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce; da ruwa da mutane ya kai tan biyu. Kada ka ɗora shi a bene ko saman dekin sai injiniyan ginin ya amince. Yana son layinsa na kansa daga allon wuta, galibi amfiya 32. Dukkansu uku dole a sa musu na'urar yanke wuta idan ta zurara, wadda masu wayarin ke kira RCD, mai 30mA, da wayar ƙasa ta gaske. Ka tsaya a kan mai wayarin ya danna maɓallin gwaji a gabanka. Ruwa da wuta da mutum tsirara a ciki ba wajen a yi maneji ba ne. Kada kuma wani ɗan uwa ya aiko maka daga Amurka: wutarsu 60Hz ce, ƙananan kuma 120V, tamu 230V da 50Hz. Ka nemi na Ingila ko Turai ko Dubai, ka tambayi mai sayarwa ko yana da famfo da hita da allon sarrafawa na canji a shagonsa, don su wutarmu mai hawa da sauka ke fara kashewa.

Tunda ba a sa tayil ba tukuna, kana kan gaɓa. Kuskuren da aka yi mini shi ne mai tayil ya rufe gefen bahon ruf, bai bar ƙofar da za a kai ga injin ba. Ranar da wani mahaɗi ya fara yoyo, sai da aka fasa tayil huɗu, irinsu kuma sun ƙare a kasuwa. Ka sa a bar ƙofa mai cirewa. Hitar lita 30 ko 50 ba za ta cika baho ba. Nemi ta lita 100, ko mafi kyau hitar rana mai lita 200 ko 300 a saman rufi, wadda ko da hazo tana rage maka yunit.

Sai jikin Hajiya, wanda shi ne asalin maganar. A na hurawa ƙasa ake zama dirshan, bangon yana lotsawa idan aka dafa shi. Mai ciwon gwiwa za ta shiga, tashin ne aiki. Babban yana da kujeru da matakala, ya fi kowa daɗin zama, amma yana waje: sai ta fito tsakar gida cikin iskar hunturu da jiƙaƙƙen jiki, ga batun sutura a gidan da ake shige da fice, ga jikoki, wanda dole murfinsa ya zauna a kulle saboda su. Na banɗakinta yana taku biyar daga gadonta. A kafa mata ƙarfen kamawa biyu a bango, matakala ɗaya, da shimfiɗar hana santsi. Dama asalin abin ke nan: dangin Jacuzzi, 'yan Italiya da suka koma Kalifoniya, sun ƙera famfon farko ne don a riƙa tsoma shi a bahon gida, saboda ɗan Candido Jacuzzi da ke fama da ciwon gaɓoɓi. Bahon da aka haɗa da injinsa sai 1968 ya fito.

Zafi kada ya wuce digiri 40, kuma ga dattijuwa 36 zuwa 38 ya wadatar, minti 15. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san digiri 31 ma yana sakin jiki. Ka sayi ma'aunin zafi mai iyo a ruwa, kada a dogara da hannu, musamman idan tana da ciwon suga, don jin zafi a ƙafa yana raguwa. Ruwan zafi yana sa jini ya sauka, tashi da sauri na kawo jiri, saboda haka idan tana shan maganin hawan jini ko na zuciya a tambayi likitanta tukuna, kuma wani ya kasance kusa da ƙofa duk lokacin da take ciki. Mai juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba nasu ba ne.

Ka turo mini faɗi da tsawon banɗakin nata, girman tankinka na sama, da band ɗin da unguwarku take, in taya ka duba girman baho da hitar da za su shiga kafin mai tayil ya zo.