Bargon Kirsimeti a Amurka da maganar keken aikin da kika tambaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos, yaya kuma shago? Na san yanzu ɗinkin Kirsimeti ya sha miki kai, masu kaya suna ta sintiri, kowa na cewa nasa ne na gaggawa. Ki daure ki karanta wannan ko da dare ne, domin amsar tambayarki ce a kan keken aiki mai kwamfuta da kika ce in duba miki. Na duba, har na zauna na yi aiki da shi, kuma shawarata ita ce kada ki zuba kuɗin adashenki a kansa tukuna. Bari in gaya miki inda na san shi, sai ki auna da kanki.

A nan ba a ɗinka sabon kaya don Kirsimeti. Mu jiki muke yi wa ado, su kuwa gida. Mace za ta shigo coci ranar 25 ga Disamba da rigar sanyin da ta sa bara, amma ki je falonta ki sha kallo: bargo mai bishiyoyi a kan kujera, wani ƙarami rataye a bango, shimfiɗar tebur mai taurari, safa manya-manya an rubuta sunan kowane jika da zare. Wannan bargon shi suke kira kwilt. Hawa uku ne: sama ƙyallaye ne aka harhaɗa, tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya, ƙasa yadi guda, sannan a bi duka ukun da ɗinki ya riƙe su. A cocinmu akwai wasu tsofaffin mata da ke taruwa su yi shi, kusan irin zumuntar mata tamu, sai dai babu waƙa babu ganga, kofi ne da hira. Su suka jawo ni ciki da suka ji cewa a shagon tela na tashi.

Kayan aikinsu kam, Yaya, sai dai mu ce Allah ya ba mu. Yadin auduga ne zalla, faɗinsa inci 44, kuma ba dole sai kin ɗauki turmi ba. Ko kwatan yadi kika ce, za a yanka miki ba tare da an ɓata rai ba. Akwai wani yanka da suka fi so, inci 18 da 22, an naɗe shi an ɗaure da zare. Akwai kuma wanda kamfani ya riga ya yayyanka: murabba'i mai inci 5 cikin ƙunshi, ko dogayen tsiri masu faɗin inci biyu da rabi, guda 40 an nannaɗe su wuri ɗaya, launukan duk sun dace da juna. Abin da nake so ki gane shi ne, ƙyallayen da yaranki ke sharewa daga ƙarƙashin keke kowace yamma, irinsu ne ake sawa a leda a liƙa musu farashi a nan. A shagon masu kwilt yadi ɗaya yana kai dala 12 zuwa 15. Da akwai Joann, inda masu ƙaramin ƙarfi ke samun rangwame, amma kamfanin ya karye, ya rufe dukkan shagunansa a 2025, har yanzu matan nan ba su daina jimami ba. Yadin Kirsimeti kuwa tun watan Yuli yake fitowa, ana tsakiyar zafi. Wadda ta jira Disamba sai dai ta tsinci ragowa, ko ta haƙura zuwa 26 ga wata a karya farashi ta saya don baɗi.

Sun taɓa ɗauka ta zuwa Hamilton, wani ƙaramin gari a nan jihar Mizuri, tafiyar kamar awa ɗaya daga birnin Kansas. Wani iyali ne suka buɗe shagon kwilt a can a 2008, Missouri Star, uwar gidan ta riƙa koyar da ɗinki a YouTube, yau ga shi babban titin garin kusan duk shagunan yadinsu ne, kowane da irin nasa, har da wanda ya ƙware a kayan bukukuwa. Ga tsabta, ga tsari, amma wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ba zai ruɗe da yawan kaya ba. Kuma babu tayi. Abin da aka rubuta shi za ki biya, ko ki ajiye.

To ga keken. Wanda na yi aiki da shi Brother ne mai allura ɗaya. Zanen ba a kanki yake ba, saye ake yi a intanet, dala kaɗan, a sa a filash a soka wa keken. Kowane kamfani da irin fayil ɗin da kekensa ke karantawa: na Brother PES, na Janome JEF. Za ki ɗaure yadin a firam, wato zoben da ke riƙe shi a miƙe, ƙarƙashinsa ki sa wata takarda mai kama da gam ɗin da kike sa wa wuyan riga, don kada yadin ya tattare. Bari in ba ki misalin mutum-mutumin ƙanƙara da na yi, wanda aikin faci ne. Keken ya fara zagaya layi ɗaya siriri, ya nuna inda ƙyallen zai zauna, ya tsaya. Na ɗora farin ƙyalle ya rufe layin, ya sake zagayawa ya kama shi, ya tsaya. Na cire firam ɗin ba tare da na kwance yadin ba, na bi gefen ɗinkin da ɗan almakashi mai lanƙwasasshen baki na datse rarar, dab da zaren. Nan ne kaɗai hannu ke da aiki, kuma nan ake gane gwana: in kin bar rara za ta leƙo, in kin ci zaren facin ya tashi. Na mayar, ya bi gefen da cikakken ɗinki mai sheƙi ya rufe. Sai hula, sai hanci, sai maɓallai, kowanne ki sauya zare da kanki. Yana iya yin ɗinki 600 ko fiye a minti, amma ɗan murabba'i guda sai ya ci miki kusan awa, kuma bargon yana son goma sha biyu ko ashirin.

Aikin yana fita tsaf, na farko da na ƙarshe ba bambanci. Ni dai a idona ya cika sanyi. Masu keken aiki na gida da ke juya yadi da hannu suna fitar da fure daga ka, ko masu surfanin Zariya, sun fi wannan basira nesa ba kusa ba. Da na nuna wa matan hoton wuyan babbar rigar Baba, sai da wayar ta zagaya tebur, wata ta cire tabarau ta sake sawa tana tambaya ko da gaske hannu ne.

Yanzu lissafi. Ƙaramin keke mai firam inci 4 da 4 yana kamawa daga wajen dala 400, amma zanensa bai wuce tafin hannu ba, ba zai yi miki wuyan riga ba. Mai inci 5 da 7 ya doshi dala 1,000. Manyan na Bernina da Baby Lock suna haura dala 10,000. Sannan yawancin na kasuwar nan wutar 110 suke ci, tamu kuwa 230 ce, sai kin haɗa da taransifoma. Ki ƙara da yadda wutarmu ke zuwa tana tsalle, da canji zuwa janareta ana tsakiyar zane, da ƙurar hunturu. Kekenki Butterfly in ya yi gardama, mai gyara zai zo da sukundireba da man keke, kafin azahar ya tashi. Wannan in allonsa ya ƙone, sai dai ki lulluɓe shi da zane. Ko a nan gyara ba wasa ba ne. Wata cikinmu ta kai nata a duba, kuɗin buɗewa da shafa mai kawai ya haura dala 100, kuma ya yi makonni a layi. Ga zare da takardar da allura, duk abin ci gaba da saye ne.

Tsadar hannu ita ce labarin ƙasar nan gaba ɗaya. In an gama haɗa saman bargon, yawanci ba a gida ake bin sa da ɗinkin ƙarshe ba. Akwai masu wani dogon keke da ke tafiya a kan tebur mai tsawon ɗaki, su ake kai wa, kuma da inci suke caji, kamar santi 2, wato kwabo biyu na dala, a kowane murabba'in inci in zanen mai sauƙi ne. Bargon babban gado mai inci 90 da 100, dala 180 ke nan. Kuma tun Oktoba suke fara cewa wadda ba ta kawo ba kada ta sa rai kafin Kirsimeti. Ba sa karɓar abin da ba za su gama ba, ba kamar wasu da na sani ba, ban dai kama suna ba. Ki haɗa da yadi kusan turmi uku, da auduga, da zare, kin wuce dala 400 ba a sa ladan zaman mai ɗinki ba. A manyan kantuna kuwa ga na kamfani daga Sin ko Indiya ƙasa da dala 100. Shi ya sa da wuya ki ga mai sayarwa. Kyauta ake yi da shi, a ba jika, a ba amarya, a kai asibiti ko gidan tsofaffi.

Ke kuwa hannu kina da shi, ƙyallayen atamfa kina da su buhu-buhu, kuma sanyin Jos na Disamba ya ishi mutum neman bargo. Facin nan keken zigizag ɗinki zai yi shi: ki zana tauraro ko ƙararrawa a kwali, ki yanka, ki manna da gam, ki bi gefe da zigizag a matse. Ki manta da mutum-mutumin ƙanƙara, wa ya san shi a Bukuru? Makiyaya da tumaki da komin dabbobi sun fi kusa da mutanenmu, kuma in kin bar shi furanni zalla, maƙwabtanki Musulmi ma za su saya wa amare. Abu ɗaya, ki wanke atamfar kafin ki haɗa, musamman ja, don kada ta zuba a kan fari.

Abin da na ga ya cancanci nauyin jaka shi ne wuƙar yanka mai taya ta Olfa, da tabarmar da ake yanka a kai, da faffaɗar rula mai inci-inci. Da su za ki yanka hawa huɗu lokaci guda, a miƙe, kuma ba ruwansu da wuta. Na saya miki su, da ƙarin reza, da ɗan almakashin nan mai lanƙwasa. Wata 'yar cocinmu za ta zo gida a Janairu, za ta sauka Abuja, sai ki tura wani ya karɓa. Ki kiyaye wuƙar daga yara, kaifinta ba na wasa ba ne, ki riƙa rufe ta duk lokacin da kika ajiye. In za ta dawo, ki cika mini leda da ƙyallayen atamfa, masu kore da ja sun fi, matan nan sun dame ni da roƙo.

Ki gaida Mama, ki ce mata maganin ƙafar yana cikin saƙon.

Ƙanwarki