Ofishin lauyar da ta yi mana bayanin dokar ƙera bindiga a Garwa ta ƙasar Kamaru

Ofishin ɗan ƙarami ne, a saman bene kusa da babbar kasuwa, fanka ɗaya, kujeru huɗu. Kuɗin shawara jaka goma, a biya kafin a zauna. Da tsada, amma ni dai ban yi asara ba.

Kawuna maƙeri ne a unguwar Yelwa, fartanya da gatari yake ƙerawa, amma maharba sun matsa masa ya koma gyaran bindigar toka irin ta zamanin kakanmu. Wani ya nuna masa bidiyo a WhatsApp cewa a Amurka hukuma ba ta da ikon hana mutum harhaɗa bindiga a gida. Shi ya sa na ja shi muka je.

Lauyar ta burge ni, domin ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "Baba, labarin nan rabinsa kuka ji." A can, rigimar a kan iyakar ikon hukumar ATF ce, mai kula da harkar bindigogi a Amurka: a 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa kayan da ake sayarwa a harhaɗa su ma bindiga ce, sai da lamba da binciken mai saye. Wani alƙali a jihar Tekzas ya soke ta a 2023, ya ce hukumar ta wuce gona da iri, ta zarce abin da dokar bindigogi ta 1968 ta ba ta. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙa'idar, alƙalai 7 suka amince, 2 suka ƙi.

Mu kuwa a Kamaru, in ji ta, ba hukuma ce ta ƙirƙiro hanin ba balle a ce ta zaƙe. Majalisa ce da kanta, a dokar 14 ga Disamba 2016, wadda ta kasa makamai kashi 8, ta sa ɗauri da tara ga wanda ya ƙera ba da izini ba. Ta buɗe takardar, tana karantawa da Faransanci tana juya masa da Fulatanci, da yake Hausarta ba ta nuna ba.

Abin da ban so ba: an ce ƙarfe tara, ba ta dawo daga kotu ba sai gab da azahar, sakataren kuma ko ruwa bai ba tsoho ba. Rasit ma sai da na roƙa. In za ku je, ku kira ta tukuna, Juma'a ba ta zama.