Sikeli ya kafe: abin da ya cancanci kuɗinki da wanda za ki bar musu kayansu

'Yan uwa duk wadda ta taɓa rage ƙiba ta san wannan gaɓar, watannin farko kaya na ta yi miki yawa kina murna, sai kawai sikeli ya tsaya cak. Ni daga kilo 92 na sauko 84, na yi wata uku a nan ko gezau. Ba jifa ba ne, jiki in ya ragu abin da yake ƙonawa ma raguwa yake, sai abincin da ke zabge ki a da ya zama daidai shi yanzu. To a nan ne mutum ke fara zaro kuɗi ido rufe.

Ni dai zaɓina sikelin kicin ne, ɗan ƙaramin nan mai batir da masu yin kek ke auna fulawa. Ranar farko na ɗora kwano na mayar da shi sifili, na tsiyaya man gyaɗan da na saba zubawa da ido, wallahi abin da nake ce wa ɗan kaɗan ashe ya haura cokali biyar, ga shi cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, tafiyar rabin awar da nake yi bayan asuba da kyar take goge cokali ɗaya da ɗoriya. Ban bar tuwo ba fa, malmala ɗaya nake aunawa, na rage mai, na ƙara wake da dafaffen ƙwai da kifi da zogale, cikin sati uku sikeli ya motsa. In za ki saya ki nemi mai auna giram ɗaiɗai har kilo 5, mai maɓallin komawa sifili, mai cin batir irin na rimot don ko a shagon unguwa akwai. Kuma ki gwada a gaban mai shago, ki ɗora leda ɗaya ta fiya wata, ya kamata ya nuna wajen giram 500, in ya yi nisa da haka ki ajiye masa abinsa.

Na biyu ƙarfen ɗagawa, kilo biyu ko uku guda biyu, saboda mai rage abinci har tsoka take asara ba kitse kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma bayan minti 150 na motsa jiki a sati ta ce a ƙarfafa tsoka kwana biyu. In babu kuɗi gorar ruwa ta isa, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Gidan motsa jiki yana da kyau in kusa yake, in sai kin hau adaidaita biyu sati biyu za ki yi ki watsar. Agogon ƙirga taku kar ki yarda da kalorin da yake nunawa. Bel ɗin matse ciki kuwa gumi ne kawai, kina shan ruwa ya dawo.

Shayin rage ƙiba kam don Allah ku yi hattara. Na saya wurin wata mai talla a status, kwali mai kyau ba adireshi ba komai, kwana huɗu ina zarya bayi, kilo biyu suka tafi na ɗauka aiki yake, ashe ruwan jikina ne. Da yawansu ganye ne dangin filasko, maganin wankin ciki. A kwana na biyar zuciyata ta dinga bugawa ina zaune kan sallaya hannuna na rawa, sai asibiti. Likitar ce ta faɗa min ana samun masu cusa sibutramine a irin kayan nan, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ba ta isa ba don ana bugawa ta bogi, ki shiga Greenbook ɗinsu, wato shafinsu na intanet mai jerin kayan da suka yi wa rajista, ki ga ko sunan da lambar sun dace. Hoton kafin da bayan kuma kowa na iya kwasowa a intanet.

Ga allurar Ozempic da ake yayi yanzu don rage ƙiba, asalinta ta masu ciwon suga ce kuma a firji ake ajiye ta, a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. Wadda za ta fito miki da ita daga jakar hannu cikin zafin nan ta ce ba sai kin ga likita ba, ki tashi ki bar mata wurin.